Jitar Farko: Kada Ka Yi Cinikin Biri a Sama Kamar Yadda Na Yi

 

Yau hirar tamu ta ɗan sauya hanya. Wani ƙanenmu daga Zariya ne ya turo min saƙo. Ɗan aji biyu ne a jami'a, yana gyaran wayar salula idan ya taso daga lacca, kuma wata takwas ke nan yana tara kuɗi don ya sayi jitar lantarki. Ya turo min hotuna uku, ya ce, "Yaya, wacce ta fi kyau a ciki?" To ƙanena, ba zan zaɓa maka daga hoto ba, domin hoto ne ya cinye min alawus ɗina na wata uku. Bari in ba ka labarin, sannan mu zo kan abin da za ka duba.

A 2021 ina bautar ƙasa, ina koyarwa a wata sakandare. Alawus a lokacin dubu 33 ne. Wani dare na ci karo da bidiyon Mdou Moctar, wannan Buzun na Nijar da ke kaɗa jita da hannun hagu. Wallahi sai da na maimaita bidiyon nan har cajina ya ƙare. Daga ranar na ƙudura sai na koya. Na matse bakin aljihu, garin kwaki ya zama abokina, har kuɗi suka taru.

Sai na ga wata jita a intanet. Baƙa wuluk, tana ƙyalli, jikinta da tsini kamar mashi, ga sunan wani babban kamfani a rubuce a kanta. Ban taɓa riƙe jita ba a rayuwata, ban tambayi kowa ba, na tura kuɗi gaba ɗaya. Bayan sati guda direba ya kira ni in zo tasha in karɓi kaya.

Ranar farko na ɗauki hoto da ita fiye da sau ashirin. Rana ta biyu na fara koyo, a nan ne ido ya raina fata. Tsirkiyoyin sun yi nesa da wuyan jitar kamar igiyar shanya, kafin ka danne guda ɗaya sai ka ji kamar kana matse reza. Minti goma yatsuna sun yi ja. Idan na saita sautin tsirkiya ɗaya, sai sauran biyar su kauce. Ga shi ban bar ko sisi na amfilifaya ba, ita kuwa jitar lantarki idan babu amfilifaya, sautinta bai fi kukan sauro ba. Da hunturu ya shigo, ƙarafunan da ke jere a wuyanta suka fito ta gefe suna yankar min hannu.

Na tura ta ƙarƙashin gado, ta yi wata bakwai a can. Duk lokacin da na kira gida sai Hajiyarmu ta ce, "Ina labarin gurmin Turawan naka?" Dariya take yi, ni kuwa abin yana ci na a rai. Asarar kuɗin ma da sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne na riga na yanke wa kaina hukunci cewa ba ni da baiwar kiɗa, hannuna bai dace ba.

Wanda ya cece ni wani malami ne da muke koyarwa tare, yana kaɗa jita a cocinsu tun yana yaro. Ya zo ɗakina wata rana ya hango jakar. Ya zaro ta, ya ɗora idonsa a kan wuyan yana leƙawa kamar kafinta yana duba katako. Ya ce, "Malam, ai hannunka lafiya lau yake. Wuyan nan ne ya murɗe, kuma sunan da ke kanta ma liƙa shi aka yi." Washegari ya kawo min tsohuwar jitarsa, duk fenti ya goge. Cikin awa ɗaya na kaɗa abin da na kasa a wata biyu.

Saboda haka ga abin da nake so ka riƙe daga shirin yau: jitar farko aiki ɗaya gare ta, ta sa ka sake ɗaukarta gobe. Duk abin da zan faɗa daga nan, a kan wannan ma'aunin yake.

Mu fara da kuɗi. Abin da ka tara ba na jita kaɗai ba ne. Akwai amfilifaya, akwai kebul da zai haɗa su, akwai jaka, da maɗauri na ratayawa, da 'yan robobin kaɗawa, da tsirkiyoyi na ajiya, don siririyar cikinsu tana yawan tsinkewa a hannun ɗan koyo. Sannan ka ware ɗan wani abu na mai gyara, wanda zai saita maka ita bayan ka saya. Ni shawarata, kada jitar ta ci fiye da kashi biyu cikin uku na kuɗinka. Na'urar saita sauti kuwa ba sai ka saya ba, akwai manhajoji na kyauta a waya.

Na biyu, ka je da ƙafarka, zuwa da kai ya fi saƙo. Kuma ka tafi da wanda ya iya. A garuruwanmu irin su Kaduna, Jos, Zariya da Kano, idan ka rasa wanda zai raka ka, nemi masu kiɗa a coci ko masu aiki a situdiyo. Yawancinsu suna jin daɗi idan yaro ya zo da ladabi ya ce yana son koyo.

Idan kun isa shago, zauna ka ɗora ta a cinya. Riƙe wuyan. Shin hannunka yana zagaye shi ba tare da wahala ba? Shafa gefen wuyan daga sama zuwa ƙasa, idan ƙarafunan nan da ake kira firet suna kartar ka, wannan alama ce. Sai ka nemi firet na 12, inda yawanci za ka ga ɗigo biyu. Tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfen wurin bai kamata ta wuce kamar milimita 2 ba. Ba ka da ruler? Haɗa katin ATM biyu ko uku ka zura. Idan sun shige har da sauran fili mai yawa, yatsunka za su sha wahala. A cikin wuyan akwai wani dogon ƙarfe da mai gyara ke juyawa ya miƙar da wuyan idan ya ɗan lanƙwashe, wannan ƙaramin aiki ne. Amma wuyan da ya murɗe kamar an matse tsumma, irin nawa, ka ajiye musu kayansu.

Akwai wani gwaji kuma. Buɗe manhajar saita sauti, kaɗa tsirkiya ba tare da ka danna komai ba, sannan ka danna ta a firet na 12 ka sake kaɗawa. Harafin da ya fito a farko shi ya kamata ya sake fitowa, allurar tana tsakiya. Idan ta kauce kaɗan, ana gyarawa. Idan ta kauce sosai a dukkan tsirkiyoyi shida, ka yi hattara. Ka sa a jona ta da amfilifaya a gabanka, ka murɗa kowane maɓalli, ka girgiza kebul ɗin a bakin ramin. Idan kana jin ƙarar ƙwaras-ƙwaras ko sauti yana ɗaukewa, a gyara kafin ka biya, ko a rage kuɗi.

Na uku, waɗannan 'yan sandunan maganaɗisu da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi. Ana kiransu fikof, ba motar a-kori-kura ba fa. Su ne kunnen jitar, su ke ɗaukar motsin tsirkiya su mayar da shi lantarki. Iri biyu ne. Akwai siriri, singil-koyil, irin na Fender Stratocaster wadda ta fito a 1954. Sautinsa garau yake, mai kaifi, shi za ka fi ji a kiɗan 'yan Agadas. Matsalarsa yana kwaso gurnanin wutar lantarki, kuma kun san yanayin wayarin gidajenmu, balle a kunna janareta. Akwai kuma mai faɗi, hambaka, wanda kamfanin Gibson ya fara sa wa jitocinsa a 1957 don ya kashe wannan gurnanin. Sautinsa ya fi kauri da nauyi. Ga ɗan koyo da bai gama sanin irin kiɗan da zai bi ba, jitar da ta haɗa biyun ta fi: hambaka ɗaya a ƙasa, sirara biyu a sama.

Na huɗu, wurin da tsirkiyoyi ke zama a jikin jitar, abin da masu goge da garaya ke kira jaki. Wani a kafe yake, wani yana motsi, da 'yar sanda da ake dannawa sauti ya yi rawa. Akwai wani nau'i da ake kira Floyd Rose, wanda ke lilo a kan sifirin, kuma ake ɗaure tsirkiyoyinsa da kusoshi. Kwaikwayon irinsa ne a tawa ta farko, shi ya sa in na ja ɗaya sauran su saki. Ƙwararru suna son shi, amma ɗan koyo zai ƙare lokacinsa a saiti maimakon kiɗa. Nemi kafaffe. Idan kuma irin na Stratocaster ne, cire sandar ka ajiye, ka ce wa mai gyara ya ɗaure shi ya kwanta a jiki.

Na biyar, amfilifaya da wuta. A ɗaki, mai wat 10 zuwa 20 ya ishe ka har maƙwabta su yi ƙorafi. Amma tambayi kanka, awa nawa kuke samun wuta a rana? Idan sai NEPA ta kawo za ka yi atisaye, to ba za ka iya ba. Akwai ƙananan amfilifaya masu batir, akwai ma wanda bai fi akwatin ashana biyu ba, ana soka shi a jikin jitar kai tsaye a sa abin ji a kunne. Da irinsa za ka yi atisaye da tsakar dare, Baba bai ji ba balle ya yi faɗa. Idan na gwanjo za ka saya, juya bayansa ka karanta. Wanda aka yi don Amurka wutar 120 yake sha, tamu kuwa 220 zuwa 240 ce. Ka jona shi kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Wannan kuma ku saurara da kyau: tsirkiyoyin jita a haɗe suke da amfilifaya ta cikin kebul. Duk ranar da ka taɓa su ka ji wuta tana ɗan jan ka, zare soket nan take, ka nemi mai gyaran lantarki. Kada ka ce za ka daure.

To wane suna za ka nema? Manyan kamfanonin suna da ƙannensu masu sauƙin kuɗi. Squier na Fender ne, Epiphone na Gibson ne. Akwai Yamaha Pacifica, wadda malaman jita da yawa ke ba ɗalibansu shawara a kanta, kuma samfurin 112 yana da wannan haɗin fikof ɗin da na faɗa. Akwai Ibanez Gio mai siririn wuya. Siffar Les Paul tana da kyau a ido, amma tana da nauyi, sau da yawa ta kan haura kilo 4, ka rataya ta ka tsaya minti biyar kafin ka yanke shawara. Idan kuwa ka ga an rubuta Gibson ko Fender a kan sabuwar jita, kuɗinta kuma bai wuce na ƙaramar waya ba, kama da wane ba ta wane. Tsohuwar Squier ta gaske ta fi sabuwar jabu sau goma.

'Yan mata da ke saurare, da masu ƙananan hannu, kada wani ya ce muku wannan ba kayanku ba ne. Ku sa a ɗaura muku tsirkiyoyi masu laushi, waɗanda aka rubuta 9 zuwa 42 a jikin ledarsu. Bahagwai kuma ku gwada riƙo ta ɓangarorin biyu kafin ku biya. Jitar hagu tana wahalar samu a kasuwanninmu, amma akwai ta, kuma ai Mdou Moctar da Jimi Hendrix duk bahagwai ne.

Idan ka kai ta gida, ka tuna katako ce. Hunturu yana busar da ita ta tsuke, shi ya sa ƙarafunan ke leƙowa. Ajiye ta a jaka, nesa da taga, kada ka bar ta a but ɗin mota da rana. Goge tsirkiyoyi da tsumma bayan ka gama, gumi ne ke sa su tsatsa. Yatsu za su yi zafi sati biyu ko uku na farko, daga nan su yi kanta. Minti 20 kullum ya fi awa huɗu ranar Asabar.

Ƙanena na Zariya, na san za ka ce kuɗinka ba su kai na waɗannan sunayen ba. Babu komai. Mdou Moctar ɗin da ya ja ni cikin wannan harka, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, a gidan da ba a son ya yi kiɗa. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, kuma ta katin memori na wayoyi waƙoƙin suka yaɗu. Marigayi Ɗan Maraya Jos kuwa tsirkiya ɗaya ce a kuntiginsa, da ita ya zagaya duniya. Kai shida za a ba ka. Abin da nake roƙonka shi ne, kuɗin nan na wata takwas kada ka tura wa wanda ba ka gani ba. Nemi wanda ya iya, ku shiga shago tare, ka zauna da jita uku ko huɗu, wadda hannunka ya ƙi saki ita ce taka, ko da launinta bai yi maka ba.

Ita kuwa baƙar tawa tana nan rataye a bango, Hajiya ta ce ta fi kyau a can. Wanda ke da tambaya ya turo, wanda kuma ya taɓa yin irin cinikina ya ba mu labari mu yi dariya tare. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.