Saura Kwana Biyu Gwanjo Ya Ƙare, Tayi Bai Kai Ba: In Janye Kayana?

Yau zancen gwanjo za mu yi, amma ba gwanjon riguna da takalma ba, gwanjon intanet, inda za ka sa kayanka mutane su yi ta tayawa har lokaci ya cika, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Wani ɗan'uwa da ke karatu a Ingila ne ya turo min saƙo, ya ce ya sa wayarsa a eBay, saura kwana biyu, tayi bai kai rabin kuɗinta ba, shin ya janye? Da na karanta sai na yi dariya, domin wallahi na taɓa shiga wannan halin.

Lokacin ina can, kuɗin haya ya matso, aljihu ba nauyi. Ina da kyamara wadda na san in an yi adalci za ta yi fam 300. Na sa ta gwanjon kwana 7, na fara da fam 1. Wai ni mai dabara, an ce ƙaramin farashi yana jawo mutane. Kwana biyar suka wuce, tayi yana kan fam 90. Barci ya ƙaurace min. Kowane minti goma sai na duba waya.

Ana cikin haka wani ya turo saƙo: in rufe gwanjon, zai ba ni fam 220, mu gama a waje, ba ruwan eBay. Kun san zuciya. Ta ce min kai, karɓi na hannu, ka huta.

To bari in tsaya a nan in yi bayanin yadda abin yake, don yawancinmu da tunanin kasuwar gida muke shiga. A Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi, in aka taya maka kaya bai yi maka ba, cewa za ka yi "albarka", shi kenan, kayanka na hannunka har sai ka ce ka sallama. A gwanjon eBay ba haka ba ne. Ranar da ka sa kayan ka riga ka sallama, farashin ne kawai ba ka sani ba tukuna. In kana son damar cewa albarka, tun farko ake saye ta: ko ka fara da kuɗin da za ka iya haƙura da shi, ko ka sa ɓoyayyen farashin da in tayi bai kai shi ba babu ciniki. Ni ban yi ko ɗaya ba. Laifina ne.

Dokarsu kuma a fili take. In babu wanda ya taya, kana iya sauke kayanka. In an taya kuma saura awa 12 ko fiye, kana iya soke tayin ka rufe, amma suna da damar cajin ka kuɗi a kan haka, kuma in ka mayar da shi ɗabi'a suna iya taƙaita maka asusu. In ya rage ƙasa da awa 12 kuma akwai tayi, to hanya ɗaya ta rage: ka sayar wa wanda ke kan gaba.

Ga abin da ban gane ba a lokacin. Fam 90 ɗin nan da nake gani ba shi ne abin da mutane ke shirye su biya ba. Mai saye yana rubuta iyakar kuɗinsa ne a ɓoye, na'ura tana ƙara masa kaɗan-kaɗan daidai yadda zai ci gaba da zama a sama. Ma'ana mai fam 90 ɗin nan wataƙila 200 ya rubuta, babu dai wanda ya matsa masa. Sannan ƙwararrun masu saye ba sa taya da wuri, don kada su tada farashi a kansu. Suna laɓewa har sai saura daƙiƙoƙi. Don haka kwana na biyar ba ya gaya maka komai. Abin dubawa shi ne mutum nawa suka sa ido a kan kayan, da kuma nawa aka sayar da irinsa a baya, wanda shafin yana nunawa in ka tace bincikenka.

Shi kuma mai saƙon, ka tambayi kanka, me ya sa yake gaggawa? Ko dai ya san kayan zai wuce abin da ya taya, ko kuma ɗan damfara ne da zai turo maka hoton shaidar biya ta bogi. Kuma da zarar kun fita waje, babu kariyar da shafin zai ba ka, ga shi ka karya dokarsu.

Wani abokina ya ba ni shawara, wai ya shiga da asusunsa ya riƙa tayawa don farashi ya tashi. Na ce a'a. eBay ta hana, kuma tun kafin a yi eBay a 1995 addini ya hana. Malamai suna kiransa najashi, ka taya kaya ba da niyyar saye ba, sai don ka ruɗi wani. Gwanjon kansa halal ne, wannan ƙarin ne ba ya halatta.

Na bar shi ya tafi. Saura minti ɗaya yana 140. Ina riƙe da waya hannuna na rawa, sai ga 190, sai 240, ya tsaya a 265. Bai kai 300 ba, amma ya wuce na mai saƙo, haya ta fita.

Kada ku ce na ce kullum haka take ƙarewa fa. Bayan nan na sa wata rigar sanyi mai kyau, ta tafi a fam 4. Na naɗe ta na kai gidan waya raina a ɓace, amma na tura, don wanda ya ci bai yi min laifin komai ba.

Sau ɗaya na taɓa rufe gwanjo da wuri, kuma ban yi nadama ba. Gilashin kyamara ne, ina goge shi na ga tabo a ciki wanda ban rubuta a bayani ba. Mutane suna taya abin da ba shi ba ne. Na soke, na rubuta wa masu tayin dalili, na sake sa shi da hoton tabon. Kaya ya fashe, ya ɓace, ko ka yi kuskure babba a bayani, wannan dalili ne. Tsoron farashi ba ya cikinsu.

Don haka ɗan'uwa mai waya, in lafiyarta ƙalau kuma abin da ka rubuta gaskiya ne, ka ajiye wayar hannunka ka je ka yi karatunka. In ta ƙare ka turo mana nawa ta yi, zan karanta a shiri na gaba. Sai mun haɗu, a huta lafiya.