Wasiƙar Magili ga Sarki Rumfa



Littafin da zan yi magana a kansa yau ƙarami ne ƙwarai, mutum zai iya karance shi tsakanin azahar da la'asar. Sunansa Tajuddini, mawallafinsa kuwa shi ne Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yanzu. Ya iso Kano wajajen shekarar 1492, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kuma rubuta masa wannan nasiha a kan abin da ya wajaba ga sarakuna.

Turawa sun san littafin tun 1932, lokacin da Baldwin ya fassara shi da Ingilishi. Akwai masu son su gwama shi da littafin nan na Makiyabeli, mutumin Italiya, wanda aka rubuta a 1513. Ni dai ban ga amfanin gwamin ba. Makiyabeli yana koya wa mai mulki yadda zai riƙe mulkinsa kada ya kuɓuce masa. Magili kuwa tunatar da sarki yake yi cewa amana aka ba shi, kuma za a tambaye shi.

Babi takwas ne cikin littafin. Ya fara da kyautata niyya, ya bi ta kan tsara ma'aikata da tsaron ƙasa da binciken al'amura da adalci wajen shari'a, ya ƙare da inda dukiyar baitulmali za ta fito da inda za ta tafi. Amma akwai magana guda wadda yake ta komowa kanta a ƙarshen babi bayan babi, kamar amshin waƙa, watau cewa tushen duk wata masifa a ƙasa shi ne sarki ya ɓoyu ga talakawansa. Don haka ya ce lalle sarki ya riƙa zama kullum inda kowa zai iya isa gare shi, har mata da yara. Ya kuma ce a san abin da hakimi ya mallaka kafin a naɗa shi, domin a gane in ya yi ƙiba da dukiyar jama'a. Ma'aikatan da ke cikin wannan zaure sun san takardar nan ta bayyana kadarori; to, ga kakanta.

Yanzu sai mu dubi wanda aka yi wa nasihar. Tarihin Kano ya nuna mana cewa Rumfa shi ne ya gina gidan sarautar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi da majalisar Tara ta Kano. Shi ne kuma ya fara kakaki da figini da takalmin gashin jimina, ya fara kulle, ya ba bābanni sarautu. Duk waɗannan abubuwa ne masu ƙara wa sarauta kwarjini, amma kowannensu ƙarin zaure ne tsakanin sarki da mai ƙara. A ganina Magili da abin da idonsa ya gani yake magana. Ya tarar da sarki mai gini, ya ce masa kada katangar ta yi tsawon da kukan talaka ba zai tsallake ta ba.

Kada kuma mu mai da shi waliyyin sassauci. Mutum ne mai zafin ra'ayi, kuma shi ne ya zuga jama'a a kan Yahudawan Tuwat har aka rushe wurin ibadarsu, alhali wasu malaman zamaninsa sun saɓa masa a kan haka. Ɗalibin tarihi ba ya zaɓen rabin mutum ya bar rabi.

Magili ya rasu wajajen 1504, amma rubutunsa bai kwanta ba. Bayan shekara ɗari uku Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗauko amsoshin da Magili ya ba Askiya Muhammadu na Songai, ya kafa hujja da su a kan sarakunan Hausa, cikin littafinsa Sirajul Ikhwani. Watau alƙalamin da ya yi wa sarauta hidima shi ne aka juya a kanta.

Abin da ya fi ba ni tunani shi ne abin da ya biyo baya. Jihadi bai kai shekara huɗu da farawa ba, sai Malam Abdullahi na Gwandu ya ga wasu daga cikin jama'arsu sun soma son dawakai da riguna da muƙamai, irin abin da suka fito yaƙa. Ransa ya ɓaci, ya bar runduna wajajen 1807, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya iso Kano sai mutanenta suka tsai da shi, suka roƙe shi ya rubuta musu yadda za su tafiyar da mulki. Ya zauna ya rubuta Liya'ul Hukkami, ya kuwa ɗebo daga nasihar Magili, a garin da aka fara karanta ta, ga sababbin masu mulkin da suka gaji gidan da Rumfa ya gina.