Mai Hoton Biki Ya Ce Sana'ar Ta Gundure Shi

Wasiƙarmu ta yau daga wani mai ɗaukar hoton biki ce a ƙasar Katsina. Ya ce ya daɗe a sana'ar, amma yanzu hotunansa duk sun zama iri ɗaya, ga yara masu wayar hannu suna cinye masa kasuwa. Shin ya bari ne ya koma gona?

To Malam, noma ba abin rainawa ba ne, amma kada ka jingine kyamara tukuna. Ai da kaka ne manomi ke sayar da amfani ya aurar da 'ya'ya.

A ganinmu abin da ya gundure ka shi ne jera mutane: ango a tsakiya, abokai dama da hagu, kowa ya ƙame kamar soja. Wannan kam mai waya ma zai iya. Biki kuwa ba ɗaurin aure ne kaɗai ba. Akwai kamu, da sa lalle, da tsohuwar da ke tuƙa tuwo tun asuba, da fuskar uwa sa'ad da za a fita da 'yarta. Sai dai cikin gida na mata ne, ba a shiga sai da izini. Me zai hana ka koya wa ƙanwarka ko maiɗakinka riƙon kyamara?

A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Malick Sidibé, wanda a shekarun 1960 yake bin bukukuwa da dare yana ɗaukar mutane suna cikin rawa, ba a jere ba. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a Banis ta Italiya. Ya rasu a 2016. Kafin shi akwai Seydou Keïta, da ya buɗe shago a 1948, wanda shimfiɗar gadonsa ce ya fara ratayawa a bayan mutane.

Sai batun haske. Rana tsaka tana sa inuwa a idanu, don haka tsayar da su a gindin darbejiya, ko ka jira la'asar sakaliya. Farar babbar riga kuma takan ruɗi kyamara fuska ta yi duhu, to auna hasken a fuska, ba a riga ba.

Hoton waya sau da yawa da wayar yake ɓacewa. Kai dai ka wanke naka a takarda, ka jera a alban, ka kai gidan amarya ranar buɗar kai.