Harsashin Wasan Kaboyi da Albarushi Marar Hayaƙi

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi, kuma maharbi, a ƙasar Katsina. Ya ce ya ga hoton waɗansu Turawa a waya, sanye da malfuna irin na fim ɗin kaboyi, suna harbin farantan ƙarfe da libarba, amma bindigar ko motsi ba ta yi a hannunsu. Wai an ce masa su suke haɗa harsashinsu da kansu. Yana tambaya, shin gaskiya ne? Kuma in gaskiya ne, ko albarushin nasu zai yi aiki a bindigar toka irin tamu?

To Malam, gaskiya ne. Amma bari mu bi maganar daki-daki, don tambayarka ta biyun nan akwai rai a cikinta.

Abin da ka gani wasa ne, a Amurka aka ƙirƙiro shi, a kudancin jihar Kalifoniya, farkon shekarun 1980. Babbar gasarsu, wadda suke kira End of Trail, an fara ta a 1982, sannan a 1987 suka kafa ƙungiyar da ke tsara dokokin wasan, wato SASS. Kowane ɗan wasa sai ya laƙaba wa kansa suna irin na mutanen da, ya sa tufafin zamanin, ya zo da libarba biyu, da doguwar bindiga, da bindigar harbin tsuntsu, dukkansu samfurin waɗanda aka yi amfani da su kafin shekarar 1900. Libarbar irin wadda sai ka ja kunama baya da babban yatsa kafin kowane harbi ce, kamar Colt ta 1873. Tsofaffin na ainihi sun yi tsada, saboda haka yawanci sababbi ake saye, na kamfanin Ruger ko waɗanda Uberti da Pietta ke ƙerawa a Italiya bisa tsohon fasali.

Ba dabba suke harbi ba, farantin ƙarfe ne, a tazarar yadi 7 zuwa 10 in da libarba ne. Agogo ake sa wa mutum, kuma duk harbin da ya kuskure a ƙara masa daƙiƙa 5. Ka ga ke nan ba ƙarfi ake nema ba, sauri ake nema da saiti. Bindigar da ke tsalle sama bayan kowane harbi ɓata wa mai ita lokaci take yi. Ga kuma farantin yana kusa, harsashi mai ƙarfi zai lotsa shi, ɓarɓashi ya dawo kan mutane. Shi ya sa dokarsu ta ce ƙwayar harsashi ta zama ta dalma, kada gudunta a libarba ya wuce ƙafa 1,000 a daƙiƙa, wato wajen mita 305, kada kuma ya gaza ƙafa 400. Wannan shi ne sirrin bindigar da ka ga ba ta motsi.

Mai wasan nan yakan harba ɗaruruwan harsasai a wata, na kanti kuwa da tsada. Sai ya tsince kwansonsa na tagulla bayan harbi ya koma da shi gida. Can yana da ɗan injin da ake matsawa da hannu, a ɗaure jikin tebur. Ya wanke kwanson, ya mai da shi daidai girmansa, ya canza ɗan maɓallin wutar da ke gindi, ya zuba albarushin da ya auna, ya ɗora sabuwar dalma. Dokar tarayyar Amurka ta yarje wa mutum ya yi haka don amfanin kansa, sai in zai sayar ne ake neman lasisi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Albarushi iri biyu ne, kuma suna kawai suka haɗa. Akwai baƙi, mai hayaƙi da warin ƙibiritu, irin wanda maharbanmu da 'yan bindigar hawan salla suka sani. Akwai kuma marar hayaƙi, wanda wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya fito da shi a 1884. Shi wannan na biyun ɗan kaɗan ɗinsa yana yin aikin mai yawa na baƙin, kuma iya matse shi a wuri rufaffe, iya saurin cinsa da ƙarfin bugunsa. Kamfanin Colt da kansa bai amince a sa shi a libarbarsa ba sai a 1900, bayan an samu ƙarfen da zai jure.

Kwanson harsashin nan mai suna .45 Colt don baƙin albarushi aka yi shi tun 1873, shi ya sa yake da zurfi, ana cika shi har wuya. In aka zuba masa marar hayaƙi daidai na wasa, sai ka ga ɗan abu can a gindi, kamar hatsin da ya rage a rumbu da bazara. Mutum yana aiki, yaro ya kira shi, ya juyo ya manta ya riga ya zuba, ya ƙara. Kwanson zai ɗauki awo biyu ba tare da ya zube ba, ido ba zai gane ba in ba an leƙa da kyau ba. Ranar da aka harba wannan, tukunyar libarbar ce ke tsagewa, ta tafi da yatsu ko ido.

Kada kuma ka ce ai sai a rage sosai a huta. Ragewar ma tana da nata sharrin. In albarushin ya yi kaɗan, ko an manta ba a zuba ba sam, dalmar sai ta taso ta maƙale a cikin bututun bindiga. Mai harbi yana sauri, agogo na tafiya, bai lura ƙarar ta yi sanyi ba, ya sake harbi a kan toshewa. Don haka ne alƙalin da ke tsaye bayansa yake kasa kunne, da ya ji ƙarar da ba ta cika ba ya daka masa tsawa ya tsaya.

Ni abin da ya fi burge ni da mutanen nan ba harbin ba ne, tsoron da suke yi wa awo ne. Mu a kasuwa mun saba da tiya da mudu, a cika a yi tozo, a ƙara gyara. Su ba gyara. Da sikeli suke tabbatar da awonsu, kuma ma'aunin nasu ƙarami ne ƙwarai, sai an tara wajen 15 ake samun giram ɗaya. Kowane irin albarushi da adadinsa a littafin da kamfani ya buga bayan gwaji, ba a ɗaukar na wannan a yi wa wancan. Gwangwani ɗaya tak ake ajiyewa kan tebur lokacin aiki. Kafin a ɗora dalma, a jera kwanson a haska fitila a leƙa ɗaya bayan ɗaya. Har wani albarushi aka fito da shi a 2005, mai suna Trail Boss, mara nauyi mai cika wuri, musamman don awo guda ya cika yawancin kwanson, in an yi kuskuren ƙarawa a gani.

To Malam, mun zo kan tambayarka ta biyu. Amsa ita ce a'a, ko kusa, ko alama. Bindigar toka da maƙerin ƙauye ya ƙera, sau da yawa da bututun ruwa ko wani ƙarfen da aka tsinta, baƙin albarushin ma da ƙyar take ɗauka. Su kansu Turawan da ke da bindigogin ɗurawa ta baki na kamfani, gargaɗi ne rubuce a jikin yawancinsu cewa baƙin albarushi kaɗai za a sa. Wanda ya farke harsashin kanti ya juye garin cikinsa a bindigar toka, ko ya gauraya shi da baƙin wai don ta ƙara nisa, bam ya haɗa, kuma fuskarsa ce mafi kusa da shi. Kada launi ya ruɗe ka, marar hayaƙin ma yakan zo baƙi-baƙi ko toka-toka. In wani ya kawo maka gari a leda ya ce na Turawa ne mai ƙarfi, kada ka saya, kada ka gwada.

Sannan ka sani Nijeriya ba Amurka ba ce. Dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ba da izinin hukuma ba, kuma bindigar tokar ma ana iya neman mai ita ya riƙe lasisi. Muna fata ka karanta wa abokan farautarka wannan amsa kafin ku shiga daji bana.