Martina Arroyo da Matsayin Baƙar Fata a Waƙar Opera



Opera wasan kwaikwayo ne wanda ake rera maganganunsa da waƙa tare da kiɗa. A Italiya ya samo asali wajen shekarar 1600, Turawa kuma suka kai shi ƙasashen Amurka, inda jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka suka daɗe ba su da gurbi a dandalinsa. Alal misali, a 1889, shekara guda bayan hana bauta a Birazil, aka nuna wasan Carlos Gomes mai suna Lo Schiavo, watau Bawa. Asalin labarin a kan baƙar fata aka tsara shi, amma kafin ya hau dandali an mayar da bawan ɗan asalin ƙasar. Haka ma a Amurka, sai a 1955 Marian Anderson ta zama baƙar fata ta farko da ta rera babban matsayi a gidan Metropolitan na Niyok.

A cikin wannan hali Martina Arroyo ta taso a unguwar Harlem. Mahaifinta mutumin Puerto Rico ne, mahaifiyarta kuwa baƙar fatar Amurka. Bayan ta gama Kwalejin Hunter ta yi koyarwa, ta kuma yi aikin jin daɗin jama'a, tana bin gidajen talakawa tana duba halin da suke ciki, ba tare da ta bar koyon waƙa ba. A 1958 ta ci gasar Metropolitan, a 1965 kuma aka kira ta gaggawa ta maye gurbin Birgit Nilsson a wasan Aida na Verdi, labarin gimbiyar Habasha da aka bautar a Masar. Daga ranar sunanta ya fito.

Abin lura shi ne, ba ta rufe ƙofa a bayanta ba. A 2003 ta kafa gidauniya don horar da matasan mawaƙa yadda za su riƙe cikakken matsayi a dandali, a 2013 kuma Cibiyar Kennedy ta karrama ta.

Al'ummar da aka daɗe ana share ta daga labarinta tana ɗauke da miki, maganinsa kuwa shi ne ta ga 'ya'yanta a dandali, sa'an nan a samar musu malamai da kuɗin horo, don kada a tsaya a kan mutum ɗaya.