MU DA BA MU DA TEKU: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ɗaliban Ƙasar Kazaure



Da aka ba mu wannan batu na yawon buɗe ido da kare dabbobin teku, wani ɗan'uwa ya ce da mu, ina ruwan mutumin Roni ko na Gwiwa da teku, alhali bai taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Kazaure girma ba? Tambayarsa tana kan hanya. Amsarmu kuwa ita ce, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A gaɓar tekun Meziko akwai wata gawurtacciyar dabbar ruwa da Turawa ke kira wel, wadda mafarauta suka yi ta kashewa saboda kitsenta har ta kusa ƙarewa. A 1972 gwamnatin ƙasar ta keɓe ɗaya daga cikin wuraren da take haihuwa, daga 1986 kuma aka dakatar da farautarta don kasuwanci a yawancin duniya. To, amma doka kaɗai ba ta cika wa masunci tukunya. Abin da ya ƙarfafa dokar shi ne, masuntan wurin sun koma ɗaukar baƙi a jiragensu suna kai su kallo, ana biyansu. Da dabbar ta zame musu hanyar abinci tana raye, sai suka zama su ne masu gadinta.

Mu ba mu da teku, amma Allah ya ba jiharmu fadamun Haɗejiya da Nguru. Kowace shekara, idan sanyi ya tsananta a Turai, dubban tsuntsaye kan ƙetaro Sahara su sauka can, su tarar da na gida irin su dinya da kirinjijiya. A 2008 aka sanya Baturiya, ta ƙaramar hukumar Kirikasamma, cikin jerin fadamu masu daraja a duniya, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. A 1989 Yarima Filib na Ingila ya zo Dagona, wadda ke Jihar Yobe a yau, don ya ga tsuntsayen nan. Mu kuwa da muke jiha ɗaya da Baturiya, mutum nawa ne a ɗakin nan suka taɓa taka ta?

Fadamun nan suna cikin matsi. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da su ta ragu ainun, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ta cuci manomi da masunci da makiyayi gaba ɗaya. Gauraka, wanda kakanninmu suka saba gani a fadama, yau da wuya a gan shi in ba a gidan mai hali ba. Ayu kuma, da ke kogunan Kwara da Binuwai, ana ta kashe shi saboda mansa.

Sai dai kada mu ɗauka baƙi daga Turai ne za su cece mu. A Kure ta Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa da ba su wuce 50 ba a 1996 sun ƙaru zuwa ɗaruruwa, 'yan ƙauyukan wurin kuma suna samu ta hanyar yi wa baƙi jagora. Amma a watan Agusta na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a wurin, 6 daga cikinsu Faransawa, baƙi suka ɗauke ƙafa. Kasuwar da ta dogara ga baƙo kaɗai, ranar da ya ji tsoro ta watse.

Saboda haka muna roƙon abubuwa uku. Na farko, ƙungiyarmu ta shirya ziyara zuwa Baturiya da sanyin bana, mu ɗauki 'yan ƙauyen su yi mana jagora, mu biya su haƙƙinsu ba tare da ciniki ba. Na biyu, yayyenmu ma'aikata, idan takardar irin wannan wuri ta iso teburinku, ku tambaya nawa ne daga kuɗin shiga zai koma ga ƙauyukan, kuma yaya za a riƙa sako musu ruwa a kan kari. Na uku, mu daina sayen gauraka da man ayu, mu kuma hana ƙannenmu harbin tsuntsayen bakin dam da danƙo, mu koya musu sunayensu.

Jama'a, don tuwon gobe ake wanke tukunya. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da ya danƙa mana.

Wassalam.