Iyakarmu da Nijar da Kokawar Manyan Ƙasashe

Jawabin da aka yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa a Kawo, Kaduna

'Yan'uwana talakawa, da ku 'yan kasuwa da kuka rufe rumfunanku kuka zo, maganar yau ta soja ce da iyaka. Kada wani ya ce wannan ta manya ce, domin ta shafi kuɗin wake da na ragunan da ke shigo mana daga Maraɗi.

Kun tuna cikin watan Yuli 2023 soja suka kifar da gwamnatin Bazoum a Nijar. Ƙungiyar ECOWAS ta yi barazanar yaƙi, Nijeriya ta rufe iyaka, ta yanke musu wutar lantarki. Motoci suka yi cirko-cirko a Jibiya da Illela, kaya suna lalacewa, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Wa ya ɗauki asarar? Ku ne.

Sa'an nan sojan Faransa suka fita daga Nijar a Disamba 2023, na Amurka suka bar sansaninsu na Agadas a 2024, a shekarar kuma sojan Rasha masu ba da horo suka sauka Yamai. Nijar da Mali da Burkina Faso suka ƙulla ƙawancensu, suka fice daga ECOWAS a Janairu 2025. Na ji wasu suna tafi. To, ni ban ga abin tafi ba don baƙo ya tashi wani baƙon ya zauna bisa tabarmarsa. Kowannensu ribarsa ta kawo shi, ba tausayin mutanen Tangaza ba.

Abin da ya fi damuna shi ne rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi, watau wadda Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka haɗa soja a cikinta domin yaƙar Boko Haram. Cikin Agusta 2024 Janar Christopher Musa ya je Yamai aka sa hannu a takardar shiri. A Disamba Janar Tchiani ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa, Nijeriya ta musa, cikin Maris 2025 kuwa Nijar ta janye daga rundunar. Ku duba fa: iyakar nan kimanin kilomita 1,500 ce, jihohinmu 7 ne a bakinta, tun daga Kebbi har Borno. Lakurawa su yi ɓarna a ƙasar Sakkwato su tsallaka, sojanmu ya tsaya a bakin layin da Ingila da Faransa suka ja tun 1906. Mai fataucin bindiga ba ya tsayawa a nan, kayansa kuwa har dajin Birnin Gwari suke isowa.

Mun taɓa ganin irin wannan. A 1960 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila, 'yan makaranta da 'yan adawa suka tashi tsaye, aka soke ta a Janairu 1962. Mutane ne marasa bindiga suka yi wannan.

Saboda haka muna neman wakilanmu a Majalisa su matsa wa gwamnati ta koma zama da Nijar, ko wane ne ke mulki a can, a dawo da sintiri tare a bakin iyaka. Duk yarjejeniyar soja da wata babbar ƙasa, ko Amurka ko Rasha ko Faransa, a karanta ta a fili gaban Majalisa kafin a sa hannu. In kuma shugabanni sun sake ɓatawa, su yi ta tsakaninsu, a bar hanyar Jibiya a buɗe. Takardar koken tana nan bisa tebur, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa kafin ya tafi.